Ranar da Aka Share Bakin Tafki

Maigidana masunci ne. Dogo mutane suke ce masa, ni kuwa Malam nake cewa, in ya ɓata mini rai in ce "kai mutumin nan." A bara na ce "kai mutumin nan" har bakina ya gaji, kuma duk a kan ƙafarsa ta hagu.

Ƙafar da ƙaiƙayi ta fara, bayan kamfanin rini ya kafa bututunsa a rafin da ke zuba cikin tafkinmu. Ruwan ya riƙa sauya launi, yau shuɗi, gobe ja, jibi wani irin kore mai kumfa. Kifi suka fara tasowa ciki a sama, iska tana turo su bakin gaɓa suna taruwa. Malam bai daina shiga ba. Ga shi da ciwon sukari, wanda ko ƙaya ce ta soke shi sai an sha fama. Ƙaiƙayi ya zama ƙurji, ƙurji ya fashe ya zama gyambo, gyambon ya ci nama har ana hango fari-fari a ciki.

Likitan da ya duba shi bai yi mana ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Baba, in ruwan nan ya sake taɓa wurin nan, dabarata ta ƙare, sai yanka." Ya aza gefen hannunsa a ƙasan gwiwar Malam, ya ce, "Daga nan."

Malam ya yi dariya ya ce, "Likita, ai da sauran guda."

Ni ban yi dariya ba. Muna komawa gida na naɗe komarsa ta kamun kifi na cusa a ƙarƙashin gado, na tura akwati a gabanta. Amma na san mutumin da nake aure. Tun yana yaro yake cikin ruwan nan, ba shi da wata sana'a, ba shi da wata hira. Da safe sai ya zauna a ƙofar gida ya miƙe ƙafar a kan kujera, ya zuba wa tafkin ido kamar wanda aka hana gaisawa da uwarsa. Na san ko ba daɗe ko ba jima zai faki idona ya koma. Tunda ba zan iya raba shi da ruwan ba, sai dai a raba ruwan da guba. Abin da ya kai ni ƙungiyar tsofaffi ke nan, ba son taro ba. Ƙafar mijina nake nema wa tsira.

Tsofaffi ne zalla a ƙungiyar, don samarin unguwar rabinsu a kamfanin suke aiki, rabin kuma suna jiran a ɗauke su. Mai albashi ba ya ɗaga murya. Mu da ba mu da abin da za a yanke mana, mu muka rage. A barandar shagon tela muke zama, kowa da sandarsa da ƙullin maganinsa. Shugabanmu tsohon Hedimasta ne, mutumin kirki, sai dai in ya ce "a taƙaice" to ka gyara zama. Akwai Direba, mai tsohuwar akori-kura da sai an tura take tashi. Akwai kuma Yaya, wadda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya ta ƙare ƙuruciyarta tana goge ɗakunan asibiti, har bayanta ya ranƙwafa a kan sandar goge-goge. In ta zo gidana kafin ta amsa gaisuwa ta shafa yatsa a kan tebur ta duba. Ina sonta, amma wani lokaci ji nake kamar in ɓoye mata tsintsiya.

Mun sha hawa benen ofishin kula da muhalli. Matakalarsa doguwa ce, muna hawa muna hutawa, Direba yana cewa in ya mutu a nan a rubuta cewa kamfanin rini ne ya kashe shi. Mu zauna a benci tun safe, masinja ya leƙo ya ce oga yana mitin. Mun taɓa zuwa da bokitin mataccen kifi, mai gadi ya toshe hanci ya hana mu shiga da shi. Mun zo da ruwa a kwalba, aka ce wa ya san inda muka ɗebo. Muka yi ta komawa dai, har fuskokinmu suka ishe su. Ranar da ogan ya gaji ya fito da kansa, tsaye ya saurare mu, yana duba agogo.

Ya ce, "Iyayena, gani ya kori ji. Ranar Alhamis zan turo jami'a. Abin da ta gani da idonta shi za ta rubuta, abin da ta rubuta kuma da shi za mu yi aiki. In abin ya kai yadda kuke faɗa, a ranar za a rufe bututun."

Muka sauko muna murna kamar an riga an rufe. Hedimasta har da jawabi a kan matakala.

Ana saura 'yan kwanaki sai bututun ya yi tsit. Ko ɗigo babu. Ba sai an gaya mana ba, wani ya kai musu labari. Aka kuma yi ruwan sama, ya wanke rafin, launin tafkin ya dusashe. Na tsorata, na gaya wa Malam.

Ya ce, "Bar su. Sun iya rufe famfo, amma ba su iya tayar da matattu ba. Dubi gaɓar nan."

Gaskiyarsa. Tun daga wurin ɗaure jirage har kwanar ciyawa kifi ne a zube, tarwaɗa da karfasa, wasu sun kumbura, wasu sun bushe sun zama ƙaya. Duwatsun bakin ruwa duk sun rine, shuɗi a kan ja, kamar gindin tukunyar marini. Wari kuwa ko ƙudaje sai sun yi shawara kafin su sauka. Duk mai ido da hanci ya tsaya a nan ya gama shari'a. Hankalina ya kwanta. Ban ce wa kowa komai ba, don wa zai zauna yana gaya wa mai ƙara kada ya jefar da shaidarsa?

Ranar Laraba ce ranar wankin gyambo. Muka tafi asibiti da sassafe, muka tarar da layi har waje. Aka ce mai wankin bai zo ba, da ya zo aka ce auduga ta ƙare. Sai la'asar sakaliya aka kira mu. Da ya warware bandejin sai ya ce, "Baba, ka ga yadda nama ya fara tasowa? Ka ci gaba da haƙuri." Rabon da in ji magana mai daɗi irin wannan har na manta. Muka dawo ta bayan unguwa a gajiye, ban ko kalli wajen tafkin ba.

Da safiyar Alhamis Malam ya sa farar rigarsa, na naɗe masa ƙafar da leda a kan bandeji saboda laima, ya dafa sanda, muka gangara a hankali. Tun daga nesa na ji wani abu ya sauya, na kasa gane ko mene ne. Sai da muka kusa na gane. Babu wari.

Gaɓar nan fes. An share ta har ana ganin sawun tsintsiya a kan yashi, layi-layi. Babu kifi ko ɗaya, ko ƙaya. Duwatsun an dirje su da buroshi da sabulu har sun yi fari. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ajiye tebur da ƙyalle mai fure da ruwan gora a kai. Tsofaffinmu suna zaune cikin kayan fita kunya, kowa fuska a sake. Yaya ta taso tana ɗingishi, tana murmushi. Hannayenta sun yi shuɗi har wuyan hannu, fatar yatsun tana saɓulewa.

Ta ce, "Kin gani? Tun hantsi jiya muke kai har magariba. Bayana kamar zai ɓalle."

Na ce, "Yaya, ina kifin?"

"Direba ya kwashe. Sawu-sawu ya yi ta yi zuwa babban juji."

Direba ya ɗaga hannu daga kujerarsa, ya ce, "Kuma ko sau ɗaya ba ta mutu a hanya ba. Motar ma ta san ranar arziki."

Na ce, "Wa ya ce ku share?"

Yaya ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Wa zai ce? Baƙuwa za ta taso daga ofis ta tarar da mu zaune cikin ruɓa? Ta ce waɗannan tsofaffin banza ne, suna kuka a kan tafki amma ko tsintsiya ba sa iya sa masa? A ina za ta zauna? A kan tsutsa?"

Hedimasta ya gyara murya ya ce, "Mun ga ya dace mu nuna wa hukuma cewa mu masu kula ne. Wanda ya kula da abu, shi ake saurara."

Na ce, "Ranar wanka ake ɓoyon cibi? Ruɓar ce za ta zo gani! Ba fuskokinku ba, ba kujerunku ba! Kun kwashe shaidarmu da hannunku kun kai juji, kun yi wa kamfani aikin da ko ma'aikatansa ba su yi masa ba!"

Na ga maganar tana shiga su ɗaya bayan ɗaya. Direba ya sauke hannunsa. Yaya ta kalli yatsunta, ta kalli duwatsun. Ba mugunta suka yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Mutane ne da tun tasowarsu ba su taɓa barin baƙo ya ga dattinsu ba, ko da yunwa suka kwana sai sun share tsakar gida. Da mugu ne ya yi, da na san wanda zan zaga.

Na ce wa Direba ya tashi mu je jujin. Ya ce motar shara ta riga ta juye nata a kai tun jiya, kuma ko an tono, wa zai yarda daga nan suka fito? Bai rufe baki ba farar mota ta tsaya a saman gangare.

Jami'ar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, da takalmin roba iya ƙwauri da jakar kwalabe. Tare da ita wani mutumin kamfani ne mai gogaggiyar riga, wai shi ma an ce ya halarta. Ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya-ɗaya, tana da tarbiyya. Sai ta miƙe ta dubi gaɓar daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Ta ce, "Kai, wurin nan tsaf! Yadda aka ba ni labari na ɗauka ba zan iya tsayawa ba."

Mutumin kamfani ya yi murmushi ya ce, "Ai kullum haka yake."

Hedimasta ya tashi zai fara jawabi, na riga shi. Na gaya mata komai: launin ruwan, kifin, bututun da aka rufe don ita, sharar jiya. Na nuna mata hannun Yaya. Na nuna mata ƙafar Malam. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Mama, wallahi ban ƙaryata ki ba. Amma ni abin da na gani aka ce in rubuta, in ɗauki hotonsa. Zan ɗebi ruwa a gwada. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, in an kwana biyu ba a zuba komai ba, ga ruwan sama, da wuya gwajin ya nuna abin da zai sa a rufe kamfani. Hannu da ƙafa kuma za a ce daga ko'ina ana iya samun su. Da dai akwai kifin."

Ta tsuguna tana cika kwalabenta. Ni kuma na juya kan Yaya, na ci gaba da faɗa, har da abin da bai shafi tafki ba. Yaya tana kuka tana cewa, "Ni gyara na yi, gyara na yi." Kowa ya taru a kanmu yana ba da haƙuri. Ana cikin haka na ji Direba ya ce, "Dogo! Kai Dogo!"

Na waiga. Kujerar Malam babu kowa, sandarsa a jingine. Yana can kwanar ciyawa, inda iska ke tura duk abin da ya mutu ya maƙale, inda tsintsiya ba ta kai ba, jirgi ma ba ya kutsawa don kaurin ciyawar. Ruwa ya riga ya kai masa gwiwa. Ledar da na ɗaura masa tana yawo a bayansa.

Na yi ihu, "Kai mutumin nan! Fito! Don girman Allah ka fito!"

Ko waiwaye bai yi ba. Na ruga, taɓo ya riƙe ni tun a taku na farko, na faɗi da hannuwa. Jami'ar ta biyo ni, ruwa ya cika takalminta, ta tsaya. Muna kallo ya kutsa har ruwa ya kai masa ƙugu. Can ƙasan wurin duk abin da bututun ya zubar ya kwanta, yana takawa baƙar laka tana tasowa tana zagaye farar rigarsa. Ya ɓace a cikin ciyawar. Ba abin da muke ji sai motsinta. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san na yi ta kiran sunan Allah har muryata ta dushe.

Ya fito ya tattaro gaban rigarsa da hannu biyu, cike da kifi. Sun ruɓe, wasu suna wargajewa suna zubowa. Ya tako a hankali har gaban teburin nan mai ƙyallen fure, ya juye su a kai, kusa da ruwan gora. Bandejin ya warware yana jan ƙasa, baƙi ƙirin.

Ya ce, "'Yata, ga su. Ɗauki hotonki."

Ta ɗauka. Mutumin kamfani ya ja da baya ya rufe hanci da hankici, ya ce, "Kifi ai ko'ina yana mutuwa. Wannan ɗan abin a tafki guda?" Ni ina durƙushe ina zuba ruwan gorar a kan gyambon, gora bayan gora, ina wankewa ina kuka ina zaginsa. Shi kuwa ya dafa kaina ya ce, "Ya isa. In aka rufe bututun, ai shi ke nan."

Direba ya kai mu asibiti a ranar. Suka wanke, suka ba da allura, suka ce mu jira mu gani. Ba mu jira da yawa ba. Zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi tun daga yatsu, warinta ya cika ɗakin har masu jinyar gadon kusa suka nemi a sauya musu wuri. Likitan nan ya zo ya duba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai ya ce a kira wanda zai sa hannu. Da suka shiga da shi, ba a ƙasan gwiwa suka tsaya ba, sai da suka hau sama.

Yana farfaɗowa, kafin ya nemi ruwa, ya ce, "An rufe?"

Na ce, "Ana kan magana."

Duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaye shi, kowa kuma amsar da yake bayarwa ke nan, don na tsaya a bakin ƙofa na gargaɗe su. Hedimasta ya ja ni gefe a baranda ya gaya mini sakamakon, kuma ranar ce kaɗai na ji ya yi magana gajera. An ce an ga matattun kifi kaɗan, ba a tabbatar da abin da ya kashe su ba. Gwajin ruwa bai wuce ƙa'ida ba. An kuma yaba wa dattawan unguwa saboda tsaftar bakin tafki. Ya ce za su sake hawa benen. Na ce Allah ya ba da sa'a. Yaya kullum tana zuwa da abinci, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya, ba ta iya shiga ta kalli gadon. Ban hana ta ba, ban kuma kira ta ba. Har yau muna gaisawa, amma ba mu koma kamar da ba.

Ranar da aka sallame mu na ce wa Direba ya bi ta bayan unguwa, kada ya bi ta gangare. Ya gane, bai tambaye ni dalili ba. Muka tsaya a ƙofar gida, shi da tela suka kama Malam za su sauke shi, wandonsa na hagu a naɗe da fil. Sai iska ta taso daga wajen tafkin, ɗauke da warin nan. Na ga hancinsa ya motsa. Ya ce su dakata. Suka tsaya da shi a hannu, tsakanin mota da ƙofa.

Ya dube ni ya ce, "Tun yaushe suka buɗe bututun?"

Na so in sake cewa ana kan magana, bakina ya ƙi. Na ce, "Tun washegarin da jami'ar ta tafi."

Ya yi lissafi a ransa. Ya ce, "Tun kafin a yanke ke nan."

Na ce, "Tun kafin."

Bai kalli wajen ruwan ba. Ya ce su shigar da shi ciki, rana ta yi masa yawa.